Bashin Kwana Tara

Kwana tara ake bin Mai Labule, kuma mijinta ne yake bin ta. Babu sisin kowa a ciki. Da kuɗi ne da tuni ta ɗinka labulen gida uku ta biya ta huta, don ita ba ta iya zama da nauyin mutum a wuyanta ba. Wannan kuwa mai bin bai taɓa buɗe baki ya tambaya ba, kuma shi ya fi ci mata rai.

Ga yadda aka ci bashin. Wata goma da suka wuce ta haifi ƴarsu, wadda suke kira Kumatu. Haihuwar ta zo da gardama, ta ƙaru sosai, aka yi mata ɗinki. Da aka sallamo ta sai ya zama ba ta iya riƙe bayan gida, sai dai kawai ta ji ɗumi a jikinta. Uwarta ta rasu tun tana ƴar shekara shida, uwar mijin kuma a lokacin tana kwance da karaya. Babu mace ko ɗaya a kusa. Sai mijin, mai gyaran firji da kowa ke ce wa Injiniya, ya rufe shago ya naɗe hannun riga.

Kwana tara yana ɗaga ta, yana goge ta, yana canza zanin gado, yana wanke zannuwanta ya shanya can lungun da maƙwabta ba sa hangowa. Duk lokacin da zai fara kuwa sai ya ƙure rediyo. A rana ta goma jikinta ya kama kansa, ta miƙe. Tun daga ranar ba ta ƙara haɗa ido da shi sosai ba.

Ko na gode ba ta ce ba. Ta yi niyya ya fi sau ɗari. Da ta buɗe baki sai warin ɗakin nan ya dawo mata hanci, sai ta ji ta ce, "A ƙara maka ruwa?"

To, shi ya sa ranar Litinin ɗin da ya ture farantinta, can zuciyarta ta tafi kai tsaye.

Wake ta dafa masa, ta yanka kabeji da tumatir a gefe. Ya buɗe, ya duba, ya mayar da murfi a hankali.

"Babu farar shinkafa?"

"Wake ne fa. Kai da kake cewa ko kullum aka ba ka..."

"Na sani. Yau dai ba na so."

"Jiya ma ka tsince tumatir ɗin ka tara a bakin faranti."

"Au, loma kike ƙirga min yanzu?"

"Ina ƙirgawa." Kanta na ƙasa, tana gyara wa Kumatu riga. "Wata guda da ya wuce ka yi yini biyu ba ka sa komai na gidan nan a bakinka ba, ka ce aiki. Sati biyu da suka wuce ka sake. Wandunanka ma ka daina ba ni, a shago kake wankewa ka dawo da su a leda."

Ya sunkuyar da kai kan murfin farantin.

"In hannuna kake ƙyanƙyami ka faɗa min, Injiniya. Wallahi ba zan ga laifinka ba. Ka ga abin da ka gani."

Ya ɗago da sauri kamar an tsikare shi.

"Wace irin magana ce wannan?"

"Irin wadda ka ji."

Ya miƙe yana dafa tebur, ya shafa kan Kumatu, ya ɗauki jakar kayan aikinsa.

"Ki bar maganar nan don Allah."

Da ƙofa ta rufe sai ta kai hannuwanta hanci ta shinshina. Sabulu ne kawai da albasa. Ta je ta sake wanke su duk da haka.

Washegari da hantsi tana kan keken ɗinki, tana kalmashe bakin wani labule mai nauyi, wayarta ta yi ƙara. Muryar mace ce, ta kira cikakken sunan mijinta har da na ubansa, ta ce da matarsa take magana?

"Ita ce."

"Nas ce daga asibiti, sashen ciki da hanji. Wayarsa a kashe take, lambarki ce ta biyu a katinsa. Ki tuna masa jibi Alhamis ƙarfe sha ɗaya. Kuma wannan karon ya zo da ɗan rakiya na gaskiya."

Ƙafarta ta tsaya a kan keken.

"Na gaskiya kamar yaya?"

"Au. Bai gaya miki ba?" Nas ta ja numfashi. "Baiwar Allah, bai kamata daga bakina ki ji ba. Amma sau biyu ke nan muna mayar da mutumin nan, ni kuma na gaji da ganin idonsa. Wata uku yana ganin jini a bayan gida. Likita ya ce a duba hanjinsa da kyamara, wata ƴar siririyar roba ce ake zurawa ta ƙasa. Ana yin allurar barci, don haka dole sai da wanda zai sa hannu ya kai shi gida."

"To... sai ya zo?"

"Karon farko shi kaɗai ya zo. Ya sha maganin wankin ciki, ya yini da yunwa, leɓe a bushe, muka ce sai dai ya koma. Karo na biyu ya shigo da wani wai yayansa ne. Na ce, Malam, ya sunan ƙanen naka? Sai mutumin ya juya ya ce masa, Yallaɓai, me ka ce sunanka? Ashe mai sayar da katin waya ne a bakin ƙofar asibiti."

Mai Labule ba ta yi dariya ba.

"Likita ya ce in ya sake rasa jibi, sai bayan wata huɗu za a samu gurbi. Kuma abin nan ba ya son jira."

"Ba a tambaye shi wanda zai raka shi ba tun farko?"

"Akwai wurin rubutawa a takarda."

"Me ya rubuta?"

Ta ji ana buɗe takardu.

"Babu ya rubuta."

Ta ajiye wayar a kan labulen. Abin da ta fara ji, kuma ba za ta taɓa gaya wa kowa ba, sanyi ne a ranta: ashe ba hannunta ba ne. Sai kunyar wannan sanyin ta rufe ta, miji na zubar da jini wata uku ita tana nan tana shinshina tafin hannu. Sai tsoro ya biyo baya ya kore su duka. Kalmar nan kuwa ta tsaya mata a ƙirji. Babu. Tana raye, tana dafa masa abinci, ya rubuta babu.

Ta goya Kumatu ta nufi wurin uwar mijinta, gida biyu tsakaninsu. Mama na zaune a ƙofar ɗaki, sandarta a jingine, wata baƙar tukunya na tafasa a gefe tana warin ɗaci.

Ta saurari maganar har ƙarshe ba ta motsa ba.

"Na sani," in ji Mama. "Basir ne. Ga maganinsa nan ina dafa masa, kullum da yamma yake biyowa ya sha."

"Kin sani, Mama?"

"Ni na haife shi. Ke dai ki yi kamar ba ki ji ba. Namiji in kin ga abin da yake ɓoyewa, ba ya ƙara sakewa da ke. Ki rufa masa asiri. Ubansa ma haka na..."

Ta juya tana iza wutar tukunyar.

Mai Labule ta sauko da Kumatu, ta durƙusa a gabanta.

"Mama, me ya kashe Baba? Ni dai ciwon ciki aka ce min."

Tukunya na ta tafasa. Mama ta daɗe tana kallon wutar, har Kumatu ta rarrafa ta kama sandar tana ja.

"Shekara biyu ina ganin jini a wandonsa," ta ce a hankali. "In wanke, in ninke, in ajiye. Ban ce na gani ba, shi ma bai tambaya ko na gani ba. Kunyar juna muke ji, wai mu masu mutunci. Ranar da ya faɗi a wurin aiki aka kwashe shi, likita ya kira ni gefe ya ce, Hajiya, da tun shekarar farko kuka zo..." Ta goge ido da bakin mayafi. "Kullum ina yabon kaina na rufa masa asiri. Na rufa kuwa. Har da ƙasa aka rufa."

"Mama..."

"Sauke min tukunyar nan ki zubar a kwata. Yarinyar ki bar min ita. Tashi, ke kuma me kike jira?"

Shagon Injiniya ɗan ƙuƙut ne, firji bakwai a jere bakunansu a buɗe, ƙasa duk waya da ƙusoshi. A kan bencin ƙofa ta tarar da maƙwabcinsa mai faci, dattijo mai furfura, ya rufe ido yana ta maimaita wani abu kamar mai hadda.

"Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekararsa talatin da shida. Ƙanena ne, uwa ɗaya... A'a, Madam, sannu da zuwa."

"Sannu Baba. Ka huta da karatun nan, an samu ɗan rakiya."

Dattijon ya dube ta, ya dubi cikin shago, ya ɗauki hularsa.

"Alhamdu lillahi. Dama shekarun nan sun ƙi zama min a kai."

Injiniya na tsugune a bayan wani firji da abin walda a hannu. Ya ji komai. Bai juyo ba.

"Wa ya gaya miki?"

"Asibiti suka kira."

Ya kashe wutar waldar, ya ajiye. Ta ga bayan wuyansa, ta ga yadda rigar ta yi masa yawa. Wata uku, kuma ita ce mai awon tufa da ido.

"Shi ke nan," ya ce. "Na fasa zuwa."

"Ka fasa?"

"Na fasa. Kin san abin da ake yi wa mutum a wurin nan? A tuɓe ka, a kwantar da kai ta gefe kamar ɗan yaye, a... Ni da zan sha wannan ke kina zaune a waje kin san abin da ake min, gara in zauna da abina."

"Mai faci ya sani ba komai, mai katin waya ya sani ba komai. Ni ce ba za ta sani ba."

"Su ba da su nake kwana ba. Ba su nake so su riƙa ganina da daraja ba."

"Shi ya sa ka rubuta babu."

Ya ci gaba da kallon bayan firjin.

Wata goma tana tauna maganar nan tana haɗiyewa. Ta dafa murfin wani firji, ta rufe ido, ta faɗe ta yadda take, ba ado.

"Kashi ka wanke min, Injiniya."

Ya juyo.

"Kwana tara. Da hannunka. Rana ta uku har a jikin rigarka mai ruwan toka, ka ce wai man inji ne, ka cire ka jefar. Na gani. Rana ta shida ka ɗauke ni za ka kai ni banɗaki, ban kai ba, a hannunka na yi. Ka ce min ba komai, Tawan, an kusa. Duk ina sane, ko ɗaya ban manta ba." Hawaye na zuba, ba ta share ba. "Ban taɓa ce maka na gode ba. In na dube ka sai in ga abin da ka gani. Na ce mutumin nan ya gama da ni, haƙuri kawai yake. Rediyon nan da kake ƙurewa, na ce don ya ɗauke hankalinsa ne kada ya yi amai."

"Rediyo?" Ya miƙe tsaye. "Ke, kuka kike yi duk lokacin da na taɓa ki. Bangon nan namu kin san shi, ko tari aka yi maƙwabta sun ji. Ban so kowa ya ji muryarki a haka ba."

Ta buɗe ido.

"Da kika warke na ga kina kauce min," ya ci gaba. "In na shigo ɗaki ki fita kicin. Na ce ta tsani wanda ya gan ta a haka, bari in ba ta wuri. To da nawa ya zo, na ce ga abin da ya yi mana da ita ce a kwance. In ni ne kuma, me zai rage?"

Suka tsaya suna kallon juna a tsakanin firji bakwai, karon farko cikin wata goma. Kunya kamar ta nutse, amma ba ta sauke ido ba.

"Kana bina kwana tara," ta ce. "Ni ba na mutuwa da kayan mutum, kai ma ba za ka mutu ka bar ni da shi ba. Mama ta gaya min abin da ya kashe Baba."

Fuskarsa ta canza. Ashe shi ma ciwon ciki kawai aka ce masa.

"Jini?" ya tambaya.

"Shekara biyu."

Ya koma ya zauna a kan wani tsohon injin firji, ya dafe kai. Ta bar shi. Can ya miƙa hannu ƙarƙashin teburin aiki, ya jawo wata baƙar leda, ya miƙa mata ba tare da ya ɗago ba. Fakitin garin magani huɗu ne a ciki, da takardar asibiti duk ta yi baƙi da yatsun mai.

"A nan na sha sau biyun," ya ce. "Banɗakin ƴan kasuwa nake shiga. Mai tsaron wurin har ya daina karɓar kuɗina, ya ce tausayi nake ba shi."

Dariya ta kufce mata cikin kuka.

"Tashi mu je gida, Nawan."

Laraba tun safe ta karanta takardar sau uku da yatsa a kan layi. Ashe tun saura kwana uku aka hana shi wake da kayan lambu. Babu abinci mai tauri. Babu madara. Babu abin sha mai jan launi, kada likita ya ɗauka jini ne. Ta dafa romon kaza ta tace shi da sabon ƙyalle har ana ganin gindin kofi. Ita ma ba ta ɗora tukunyar kanta ba.

"Ke ci abincinki mana."

"Ba na jin yunwa."

"Cikinki na ji yana ƙugi tun daga nan."

"Naka ne. Sha."

Ƙarfe biyar na yamma ta jiƙa garin a jarka, ta sa a firji ya yi sanyi don nas ta ce ya fi shiga. Kofi ɗaya duk minti goma sha biyar. A na farko ya yamutsa fuska. A na huɗu ya ce kamar ruwan batir da aka sa wa sukari. A na shida ya ajiye kofin, ya saurari cikinsa, ya tashi da gudu.

Ƙofar banɗakinsu ba ta rufuwa sosai, shekara biyu yana cewa zai gyara. Tun da rana ta rataya mata labule mai kauri, ragowar na wani otal. Da ya shige sai ta miƙa hannu kan kanta, ta kunna rediyo, ta ƙure.

Da ya fito, jiki na rawa, ya dubi rediyon, ya dube ta. Ta miƙa masa ruwan ɗumi a buta da ɗan gwangwanin man shafawa, tana kallon bango.

"Na Kumatu ne. Yana hana zafi."

Ya karɓa, shi ma yana kallon bango.

Sau goma sha ɗaya ya shiga kafin dare ya raba. Ta ƙirga. A na takwas bai kai ba. Ya tsaya a bayan labule ya yi tsit, ta gane. Ta zura hannu da wani wandon, ta ce, "Miƙo wancan."

"A'a."

"Miƙo. Man inji ne."

Aka daɗe. Sannan hannu ya fito ta gefen labulen.

Alhamis ya sha ragowar da sassafe, suka isa asibiti kafin sha ɗaya. Nas ɗin gajera ce mai tabarau. Ta dube shi, ta dubi Mai Labule, ta ɗauki biro.

"Baiwar Allah, ya sunan wannan mutumin?"

Ta faɗa, har da na ubansa da na kakansa.

"To yau dai an zo da ta gaske. Sa hannu nan."

Takardar nan ce. Ga babu ɗin da rubutunsa, ƙanana kamar mai jin tsoron a gani. Ta ja masa layi ɗaya, ta rubuta matarsa a sama, ta danna biro har ya kusa huda takardar.

Aka ba shi rigar asibiti, irin mai buɗaɗɗen baya da igiya biyu, ɗaya ma ta tsinke. Ya fito daga ɗakin canji ya manne da bango. Zauren da za a bi dogo ne, mutane a zaune hagu da dama.

"Ba zan iya wucewa ba," ya ce ƙasa-ƙasa.

Ta zagaya bayansa, ta haɗa bakin rigar biyu, ta riƙe da yatsu kamar yadda take riƙe labule kafin ta sa masa allura.

"Tafi. Ina nan."

Haka suka ratsa zauren, shi a gaba ita a baya, taku ɗaya. A bakin ƙofa nas ta ce nan ne iyakarta. Sai da aka ɓamɓare yatsunta.

Minti arba'in ta yi a kan benci. Ta ƙirga tayil ɗin ƙasa, ta yi addu'a, ta sake ƙirgawa. Ta tuna Mama tana ninke wando. Da aka kira ta sai ta miƙe ta shiga.

Likitan dogo ne mai sanyin murya. Ya nuna mata hoto a takarda, wani abu ja kamar ƙaramin ƙurji mai wuya.

"Tsiro ne a jikin hanji, shi ke zubar da jinin. Mun cire shi gaba ɗaya, za a kai awo, sati biyu. A idona an zo da wuri. Irinsa in an bar shi shekaru, shi ke rikiɗewa ya zama abin da ake tsoro. An ce mahaifinsa ma ya yi?"

"Ya yi."

"To kin kyauta da kika kawo shi."

Ta same shi a wani ɗan gado bayan labule. Ko a wannan hali sai da idonta ya ga an karkace kalmasar labulen. Ya farka, ido a lumshe, amma ya haɗa gumi yana cije leɓe.

"Ciwo ne?"

Ya girgiza kai.

Nas ta leƙo. "An hura masa iska a ciki don kyamara ta ga hanya. Ba ma sallama sai ta fita."

"Ta fita ta ina?" in ji Mai Labule.

"Tusa nake nufi. A sashen nan albishir ce. Malam, ka daina riƙewa, tun ɗazu nake kallonka." Ta saki labule ta tafi.

Ya juya fuska bango. Kunnuwansa har sun yi ja. Hagu da dama gadaje ne, labule kawai ya raba, ana jin numfashin kowa. Rediyo kuwa babu.

Ta duba. Kujerar da aka ajiye mata ta ƙarfe ce, ƙafafunta ba roba. Ta kama ta, ta sunkuya kusa da kunnensa.

"In na ja, ka saki."

Ta ja kujerar a kan tayil, ƙiiiii, tun daga kan gado har ƙarshensa. Ta sake jawowa. Ta sake. Sai da ta ji ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya ta tsaya.

Daga can bayan labule muryar nas ta taso.

"Mun ji duka biyun, na kujera da na maigida. Ku shirya tafiya."

Wani tsoho a gadon gefe ya ce, "Madam, in kin gama a ara min kujerar."

Injiniya ya fara dariya yana riƙe ciki, hawaye na gangarowa cikin kunnensa. Ita ma ta kifa kai a gefen gadon tana yi, har ta rasa dariya take ko kuka. Ya lalubo hannunta, wannan hannun dai, ya kai bakinsa ya riƙe a nan.

"Na gode," ta ce cikin zanin gadon. "Na kwana taran nan. Na gode."

"Na ji, Tawan."

Bayan sati biyu sakamako ya fito. Ba mugun ba ne, amma likita ya ce saboda mahaifinsa, duk shekara uku sai an sake dubawa. Suka fito da takardar, suka biya ta wurin Mama. Ta sa aka karanta mata sau biyu, ta karɓa ta rungume a ƙirji, ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Suka bar ta.

A gida ya cinye faranti biyu na wake, har da kabejin. Mai Labule na zaune gabansa da Kumatu a cinya, tana kallonsa ido cikin ido, tana lissafi da yatsu.

"Laraba da Alhamis, biyu ke nan. Saura bakwai."

"Wa ya ce? Ranar asibiti kawai nake karɓa. Laraba kyauta kika yi."

"Kyauta? Har da wandon?"

"Man inji ne, ke kika faɗa. Saura takwas."

"Kuma duk shekara uku kwana ɗaya..." Ta sake lanƙwasa yatsu. "Shekara ashirin da huɗu fa ke nan. Kumatu ma ta yi nata gidan."

"Ni ba na karɓar biya a dunƙule."

"Kai mugun mai bin bashi ne, Injiniya."

"Ƙara min wake."

Ta tashi ta ƙara masa. Har yau takwas ake bin ta, kuma duk ƙin bashinta, wannan ba ta gaggawar sauke shi. Kujerar ƙarfe dai ta saya tata, tana nan bayan ƙofa.